Manhajar da Ke Faɗuwa Tun Kafin Ta Buɗe Ido

Duk wanda ya zauna ajin C ya san kalmomin nan biyu da ba a marhabin da su: Segmentation fault. Idan manhaja ta yi aiki na ɗan lokaci sannan ta faɗi, abin da sauƙi, domin kana iya tuna abin da ka danna, ka sake dannawa, ka bi sawu. Wadda ke sa mutum ya dafe kai ita ce wadda ke mutuwa tun ba ta nuna komai a allo ba. Ka haɗa ta lafiya lau, kwamfaila bai ce uffan ba, ka buga sunanta, sai kawai ta kife. A kwamfutar abokinka kuwa tana gudu kamar ba ita ba. Ga 'yan ajin ƙarshe wannan ba abin dariya ba ne, tunda kwamfutar da za a jona wa majigi ranar difens ba lalle ba ne ta zama wadda ka rubuta furojet ɗinka a kanta.

Ɗaukar manhajar da aka rubuta don wata babbar manhaja, ko wani nau'in furosesa, a sa ta yi aiki a wani wurin, shi zan kira ƙaurar da manhaja. In ana neman wadda ta sha ƙaura, da wuya a samu kamar GNU Emacs, manhajar rubutu da gyaran kod da Richard Stallman ya fara a Amurka a 1984. Yau tana aiki a Linux, da Windows, da macOS, da dangin BSD, da MS-DOS, har da Android. Cikin wuraren da suka fi ba masu ƙaurar da ita wahala akwai daƙiƙar farko ta tashinta, kuma dalilin yakan zama guda: ta taho da wani zato game da memori daga tsohon gida, sabon gidan kuma bai san da wannan zancen ba. Memori a nan fa ba katin da ake sa wa waya ba ne. Ina nufin filin aikin da babbar manhaja ke ware wa kowace manhaja idan ta tashi, wanda kowane bayit nasa yake da lamba, wato adireshi.

Dabarar juye

Ƙaramin ɓangaren Emacs ne aka rubuta da C. Mafi yawanta da wani yare ne mai suna Emacs Lisp, kuma kafin ta iya buɗe maka ko da fayil marar komai, sai ta karanta tulin fayilolin Lisp ta jera su a memori. A kan kwamfutocin shekarun 1980 wannan jiran ba ƙarami ba ne. Sai aka yi wata dabara. Lokacin haɗa Emacs, abin da kwamfaila ke fitarwa ba ita ba ce, wata tsirarar manhaja ce mai suna temacs. Ana tayar da temacs sau ɗaya, ta bi wani fayil mai suna loadup.el ta loda duk abin da ake buƙata, sannan ta juye abin da ke cikin memorinta ta rubuta sabon fayil. A wancan zamani, wannan sabon fayil shi ne emacs ɗin da mutane ke amfani da shi. Kod ɗin da ke yin juyen ana kiransa unexec, kishiyar exec ke nan: exec na ɗaukar fayil ya mai da shi manhaja mai gudana, unexec na ɗaukar mai gudana ya mai da ita fayil. Spencer Thomas na Jami'ar Utah ne ya rubuta na asalin a 1982.

Kamar mai shayi ne da ya gaji da jera gwangwanayen madara da kofuna kowace asuba, sai ya ɗaure teburin gaba ɗaya yadda yake a jere, gobe ya dire shi kawai ya hau zuba ruwan zafi. Dabara ce mai kyau, ni dai ban ga laifin waɗanda suka ƙirƙiro ta ba. Amma tana da sharaɗi mai tsauri.

Bayanan Lisp cike suke da manunai. Manuni, in ba ku manta ba, ba wani abu ba ne illa lamba: adireshin wurin da wani abu yake. Idan aka juye memori cikin fayil, lambobin nan suna tafiya yadda suke. Manunin da ya ce «abin yana adireshi kaza» zai ci gaba da faɗin haka gobe, ko abin na nan ko ba ya nan. Saboda haka dole gobe a loda komai daidai inda yake jiya, ba gocewar ko bayit ɗaya.

A tsarin Unix na da, hakan ba wuya. Kod na ƙasa, bayanan da aka sani tun lokacin haɗawa na biye da shi, sai kuma tsibi, wato yankin da manhaja ke yankan memori a ciki yayin da take aiki. Tsibin na girma ne zuwa sama ta hanyar brk da sbrk. Aikin unexec shi ne ya kwafe daga farkon bayanai zuwa ƙarshen tsibi, ya dasa su cikin sabon fayil. Da yake kowace babbar manhaja da nata fasalin fayil, sai da aka rubuta unexec iri-iri: unexelf.c na Linux da makamantanta, unexmacosx.c, unexw32.c na Windows, unexcw.c na Cygwin, unexaix.c. A lokacin, mai son kai Emacs sabon gida da wannan yake fara karo.

Dillali da littafinsa

Yanzu sai maganar malloc. Ku ɗauke shi a matsayin dillalin filaye. Manhaja ta ce tana son bayit ɗari biyu, ya yanka mata fuloti a cikin tsibi, ya rubuta a littafinsa cewa nan ya shiga hannu. In ta gama ta kira free, ya soke. Duk amincin manhaja ya rataya ne a kan littafin nan.

To, ga abin da ke faruwa in aka yi juye ba a kula ba. An adana filayen da gine-ginen da ke kansu, amma gobe dillali ya tashi da sabon littafi fari fat. A wurinsa duk filin nan ba mai shi. Buƙata ta farko da ta zo, sai ya yanka mata a kan fulotin da wani bayanin Lisp ke zaune. Fili ɗaya, masu shi biyu. Mun san yadda irin wannan shari'ar ke ƙarewa. Manhaja ba za ta faɗi a lokacin da aka yi cinikin ba, sai can da mai asalin filin ya zo karanta kayansa ya tarar da shirme. Shi ya sa layin da ta faɗi sau da yawa ba shi ne mai laifin ba.

Laburaren C na GNU, wato glibc, ya daɗe yana yi wa Emacs alfarma a nan. Akwai malloc_get_state da ke kwafe littafin kafin juye, da malloc_set_state da ke dawo da shi lokacin tashi. Kuma dawowar sai ta riga kowa, domin, saɓanin abin da muke zato, main ba shi ne farkon abin da ke gudana ba. Kafin a iso shi an loda laburarori, wasu sun yi nasu shirye-shiryen, kuma suna iya kiran malloc. In ɗaya ya riga ka, an riga an yi rubutu a farin littafi. Don haka Emacs ta riƙa rataya aikin dawo da littafin a wata ƙugiya da glibc ke ja a kiran malloc na farko.

Akwai wani tarkon kuma. Idan buƙata ta yi girma, malloc na glibc ba ya yanka a tsibi. Daga kusan kilobayit 128 zuwa sama yakan je ya karɓo fili daban ta hanyar mmap, a can wata unguwa mai nisa. unexec kuwa tsibi kaɗai ya sani. Abin da ke can unguwar ba ya shiga juye, amma manunin da ke nuna shi yana shiga. Maganin da Emacs ta yi shi ne ta kira mallopt ta hana dillalin zuwa can duk lokacin da za ta ajiye bayanan Lisp.

Sai tsaro ya shigo

Masu kutse ma adireshi suke nema. In sun san inda kod ko bayani yake a memori, rabin aikinsu ya kammala. Don haka aka fito da ASLR, tsarin da ke hautsina adireshi duk lokacin da manhaja ta tashi. Linux ta fara shi a 2005, daga baya aka haɗa har da mafarin tsibi. Kuna iya gani da idonku a ɗakin kwamfuta: rubuta 'yar manhaja mai layi biyar da za ta kira malloc ta buga adireshin da printf da %p, ka kira ta gwaji, ka tayar da ita sau uku. Lamba uku za ka gani, ba mai kama da wata. Sai ka buga setarch x86_64 -R ./gwaji sau uku, za ka ga lambar ta tsaya cak, domin -R ɗin nan kashe hautsinawar yake yi.

Ga unexec wannan bala'i ne. Mai shayi ya zo da teburinsa a ɗaure, ya tarar an sauya wa kowa wurin zama. Emacs ta kauce ta wata hanya: temacs na tashi sai ta kira personality ta roƙi Linux ta kashe mata ASLR, sannan ta sake tayar da kanta. Wajajen 2016 da 2017, da Ubuntu da Debian suka sa kwamfailansu ya riƙa fitar da manhajojin da ake iya lodawa a kowane adireshi, sai kuma aka koma ƙara -no-pie wajen haɗa ta. A cikin Docker kuma, shingen tsaronsa ya hana irin wannan kiran na personality, sai haɗa Emacs ya riƙa faɗuwa daidai wurin juye, alhali kod ɗin bai canja ba ko ɗigo. Za ka ga wasu na ba da shawarar a rubuta 0 a cikin /proc/sys/kernel/randomize_va_space. Yana aiki, amma kashe kariyar kwamfutar gaba ɗaya ke nan saboda manhaja guda. Don gwaji na minti biyar, to. A bar shi haka, a'a.

A Janairun 2016 masu kula da glibc suka ce alfarmar ta isa. Muddin dole littafin malloc ya kasance mai kwafuwa da dawowa, ba su da damar sake masa fasali. A glibc 2.24 aka janye ƙugiyar, a 2.25 ta Fabrairun 2017 aka janye malloc_get_state da malloc_set_state daga abin da sabuwar manhaja ke iya kira. Abin sha'awa, 'yan gida ɗaya ne fa, dukansu na GNU. Emacs ta koma wa wata dabarar da aka fara yi don Cygwin: dillalai biyu. Kafin juye, nata malloc ɗin ne ke yanka a cikin wani katafaren fili da aka tanada tun lokacin haɗawa, don haka filin da littafin duk suna shiga juye. Bayan juye, malloc na babbar manhaja ya karɓi aiki. Amma kowane free sai ya duba adireshin tukuna: na tsohon filin ne ko na sabo? In ka mayar wa dillali fulotin da ba shi ya sayar ba, glibc kan tsayar da kai da saƙon «free(): invalid pointer». In ka yi sa'a ke nan. In ba ka yi ba, ya karɓa shiru ya ɓata littafinsa.

Yadda ake bin sawu

Abu na farko, raba matakan. Emacs tana da -Q da ke tayar da ita ba tare da saitin mai amfani ba; in ta tashi da shi, to laifin na saitinka ne, ka huta. In ba ta tashi ba, koma baya ka tayar da temacs kai tsaye, ko ka haɗa da --with-dumping=none, yadda za ta riƙa loda Lisp ɗinta a kowane tashi. Za ta yi nawa, amma in ta yi aiki a haka ta ƙi yi da juye, ka san inda ɓarawon yake. Ko manhajarka ba ta san wani juye ba, tambayar na nan: me take karantawa lokacin tashi wanda wani gudu na baya ya rubuta? Ɗalibai da yawa kan ɗauki struct sukutum su zuba shi a fayil da fwrite, da manunan cikinsa da komai, gobe su karanto da fread. Ƙaramin unexec ke nan, kuma ciwonsa iri ɗaya ne.

Daga nan sai ka tambayi kanka: kullum take faɗuwa ko wani lokaci? Tayar da ita sau ashirin ka ƙirga. In tana faɗuwa yau ta ƙi gobe, gwada ta da setarch da -R. Faɗuwar ta ɓace? Akwai adireshin da aka ɗauka ba ya motsi. A nan ne kuma gdb ke yaudarar mutane. A Linux, gdb na kashe ASLR da kansa ga manhajar da yake bincika, don saukaƙa aiki. Sai ka ga manhajar da ke kifewa a waje ta shiga gdb ta nutsu kamar ɗalibin da ya hango mai sa ido a jarabawa. Buga set disable-randomization off kafin run, halinta na gaskiya zai fito.

Da ta faɗi a cikin gdb, bt zai nuna maka jerin kiraye-kirayen da suka kawo ta nan. Amma kada ka tsaya a sunan layin. Buga manunin da ya jawo faɗuwar ka kalli lambar, domin lambar na magana. In sifiri ce ko 'yar ƙarama irin 0x8 ko 0x10, malloc ya dawo hannu rabbana ba a duba ba. In jerin f ce daga farko har ƙarshe, to sbrk ne ko mmap ya gaza, domin su -1 suke mayarwa in sun gaza, ba sifiri ba, kuma mai duba NULL kaɗai ba zai gani ba. Wannan ba tatsuniya ba ce ga mai ƙaura: a musl, laburaren C da Alpine Linux ke amfani da shi, sbrk ba ya yarda ya ƙara tsibi ko kaɗan, FreeBSD kuma ta fito a kan arm64 ba sbrk sam. In kuwa lambar ta yi kama da adireshin kirki, buga info proc mappings ka ga yankunan da manhajar ta mallaka. Ba ta cikin ko ɗaya? Manuni ne daga wata rayuwa da ta wuce. Tana ciki amma abin da ke wurin shirme ne? Koma kan batun fili ɗaya masu shi biyu, ka sa watch a kan adireshin ka kama wanda ya yi rubutun. Don ganin abin da ya faru kafin main, starti na tsayar da manhaja a umarninta na farko, strace -e trace=memory kuma na nuna kowane brk da mmap da ta kira da amsar da aka ba ta.

Wasu zatuttukan sun fi haka ɓoyuwa. Emacs na amfani da bit uku na ƙarshen manuni don rubuta nau'in abin da yake nunawa: rubutu ne, jeri ne, ko alama. Tana iya haka ne saboda adireshin da 8 ke rabawa ba saura, bit ukunsa na ƙarshe sifiri ne. A kai ta gidan da malloc ke bayar da adireshin da 4 kaɗai ke rabawa, sai bit ɗaya na adireshi ya kutsa cikin alamar, ta ɗauki abu a matsayin wani abin daban. Shi ya sa take tantance hakan da kanta. Haka girman shafin memori: duk wanda ya rubuta 4096 da hannu a kod ɗinsa ya ɗauki alkawarin da ba a yi masa ba. Kwamfutocin Apple masu M1 shafinsu bayit 16384 ne, haka ma Raspberry Pi 5 a tsarin da take zuwa da shi. getconf PAGESIZE zai gaya maka na wurin da kake, sysconf kuma zai gaya wa manhajarka.

Valgrind da -fsanitize=address kayan aiki ne na gaske, ku saba da su tun yanzu. Sai dai su ma nasu malloc ɗin suke dasawa a madadin na asali, don haka a manhajar da ke da dillalinta na gida sai ka fara kashe shi kafin su ga abin da ke faruwa.

Maganin da ya ɗore bai zo ta sake toshe wata ɓaraka ba. Daniel Colascione ya rubuta sabon tsarin juye mai suna pdumper, wanda ya fito a Emacs 27.1 a watan Agustan 2020; XEmacs, 'yar'uwarta da suka raba gari tun shekarun 1990, ta riga ta yin irinsa da daɗewa. pdumper ba ya kwafe tsibi ido rufe. Yana bin bayanan Lisp ɗaya bayan ɗaya ya rubuta su a wani fayil daban, emacs.pdmp, tare da jadawalin duk wuraren da manuni yake. Lokacin tashi, a loda fayil ɗin a duk inda babbar manhaja ta ga dama, sai a bi jadawalin a gyara kowane manuni gwargwadon sabon wurin. Ba ruwansa da littafin malloc, ba ruwansa da fasalin fayilolin Windows ko na macOS, kuma ASLR na kunne abinsa. Akwai ɗan aikin gyara a kowane tashi, amma mai amfani ba ya ko jin sa.

Shi ma fa yana da nasa sharaɗin. Kowane emacs da aka haɗa yana da wata lambar shaida, kuma irinta na cikin fayil ɗin juyensa. In ka kwafo emacs.pdmp na wani haɗin ka ajiye kusa da naka, ba za ta yi kasadar lodawa ba. Za ta tsaya ta ce «not built for this Emacs executable». Saƙo ne mai ban haushi, amma ko ba komai ya faɗi abin da ke damunta, ba kamar kalmomi biyun nan ba.

Da aka kai Emacs Android, aikin da Po Lu ya jagoranta ya fito a Emacs 30.1 a Fabrairun 2025, sai wata tambayar ta taso. A kwamfuta ake haɗa manhajar waya, kuma kwamfutar ba ta iya tayar da temacs ɗin da aka haɗa don furosesan waya balle ta yi juye. Sai aka bar wa wayar aikin: a tashin farko Emacs na loda Lisp ɗinta a hankali, ta yi juyen a cikin wayar, daga nan ta riƙa tashi da shi. In fayil ɗin ya lalace ta ƙi tashi, akwai maɓalli a shafin saitinta na goge shi, a tashi na gaba ta sake yin sabo.